Mene Ne Hasashen Ambaliya?

Da zarar damina ta kusa, sai a riƙa jin "hasashen ambaliya" a labarai. Sanarwa ce da hukumar NIHSA mai lura da kogunan Najeriya ke fitarwa duk shekara, tana bayyana ƙananan hukumomin da ruwa zai iya ci. Tana duba yawan ruwan saman da hukumar yanayi ta NiMet ke sa ran samu, tana kuma auna cikar koguna da madatsun ruwa.

Misali, a kwarin Kogin Haɗeja, ruwan da ya sauka a Kano ne ke gangarowa. Idan madatsun Tiga da Challawa suka cika a Agusta ko Satumba, sai rarar ta bi kogi zuwa Ringim, Auyo da Haɗeja, inda ƙasa take shimfiɗe, yashi da ciyawar kachala kuma suka toshe hanyoyin ruwa. Shi ya sa gonar shinkafa kan nutse ko da ba a yi ruwa a garin ba. Wasu kan ce ruwa na Allah ne, hasashe ba ya tare shi. Gaskiya ne, amma yana ba manomi lokacin shuka iri mai saurin nuna, ya kwashe hatsi da dabbobi zuwa tudu. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya, alhali an yi gargaɗi tun kafin damina. Ya kamata hukumomi su kai sanarwar ƙauyuka da Hausa, ta rediyo da bakin dagatai.