Ranar da Littafin Bashina Ya Hau Bangon Falo

Shekarata ashirin da biyu ina sayar da atamfa da shadda a Kwatano, ban taɓa yin kuskuren lissafin da ya hana ni barci ba sai bara. Wani abokin cinikina na Kantin Kwari ya bugo waya yana tambayar ragowar kuɗin da nake bin sa. Na buɗe kwamfutar cinya da babban ɗana ya zuba mini lissafi a cikinta, na ƙanƙance ido, na karanta masa sefa 800,000. Ashe 300,000 ne. Mutumin ya yi shiru, can ya ce, "Alhaji, haka za mu yi da kai?" Kwana uku muna ja-in-ja, sai da yaron ya duba ya ce, "Baba, ai uku ce, ba takwas ba." Na ba da haƙuri, magana ta wuce. Amma duk ɗan kasuwa ya sani, amana in ta yage, ko an ɗinke sai an ga zare.

Ni dai allon kwamfutar na ɗora wa laifi, don inci 14 ne kacal. Ga kuma talabijin ɗin bango mai inci 43, irin wanda muke ce wa filasma, yana rataye a falo, ba ya aikin komai da hantsi. Na ce da yaron, "Kai, ba a iya mayar da lissafin nan kan wancan?" Ya ce ana iyawa, waya ɗaya ce. Tun da na san akwai irina da yawa, daga Zangon Kumasi har Duwala, bari in faɗa muku abin da na koya, mai daɗi da mara daɗi.

Cikar zare ake dubawa

Wayar sunanta HDMI, kuma ita ke ɗaukar hoto da sauti gaba ɗaya. Ka soka baki ɗaya a kwamfuta, ɗaya a bayan talabijin, ka danna maɓallin Source ko Input a rimot, ka zaɓi lambar ramin da ka soka. In kwamfutarka tsohuwa ce mai shuɗin rami na VGA, sai ka nemi ɗan abin da ke juya VGA zuwa HDMI, kuma ka sani VGA ba ta ɗaukar sauti.

Da lissafin ya bayyana na yi hamdala. Da na jawo kujera kusa kuwa, sai na ga rubutun ya yi girma amma ya yi dishi-dishi, kamar tawada ta jiƙe. A nan yaron ya yi mini bayanin da na gane da harshen sana'ata. Hoton allo ɗigo-ɗigo ne, kamar yadda yadi yake zare-zare. Talabijin ɗina Full HD ne, wato ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye. Daidai wannan adadin ne ke cikin allon kwamfuta na tebur mai inci 24. Ka ga kenan zare ɗaya ne, an dai buɗa saƙar don ta rufe faɗi. Mu kuwa mun san shadda ba a faɗinta ake gane ta ba, a cikar zarenta ne.

Saboda haka kafin ka yi murna, duba takardar da ke manne a bayan talabijin ɗinka ko kwalinsa. Yawancin masu arahar nan na inci 32 ɗigonsu 1366 ne da 768, sun yi wa kallon fim daidai, amma ƙananan lambobi za su wahalar da kai. Wanda aka rubuta wa 4K yana da 3840 da 2160, ninki huɗu na Full HD. Irinsa mai inci 43 shi ne za ka iya zama kusa da shi rubutu ya fito tangaram. Sai dai tsohuwar kwamfuta mai HDMI 1.4 sau 30 kawai take iya sabunta hoton 4K a daƙiƙa, shi ya sa za ka ga kibiyar linzami tana tafiya kamar mai ɗingishi. Don a samu 60, sai HDMI 2.0.

Gyara huɗu da rimot da kwamfuta

Talabijin don fim da ƙwallo aka ƙera shi, sai an lallaɓa shi yake karɓar rubutu.

Na farko, ya kan yanke gefen hoto, har layin ƙasa na Windows ya ɓace. Shiga wurin girman hoto, a LG ka zaɓi Just Scan, a Samsung ka nemi Fit to Screen ko Screen Fit.

Na biyu, in ka motsa linzami sai kibiyar ta ɗan makara, domin talabijin yana tsayawa yi wa hoto kwalliya kafin ya nuna shi. Kunna Game Mode, ko PC Mode in akwai. Mu da ke ƙasashen Faransanci, a rimot ɗinmu Mode Jeu za mu gani.

Na uku, rage kaifin hoto, abin da suke rubutawa Sharpness, don shi ke sa wa haruffa wani farin rawani. Ka rage hasken ma. Hasken da ya dace da kallo daga kan kujera, a kusa ƙona ido yake yi.

Na huɗu, a Windows ka shiga saitin allo ka ƙara girman rubutu zuwa kashi 125 ko 150. Sannan ka ja da baya. Faɗin allo mai inci 43 ya kusa mita ɗaya, in ka manne masa wuyanka ne zai biya, kana waige dama da hagu kamar mai tsallaka titi a bakin Dantokpa. Ni sai da na koma kamar mita ɗaya da rabi, da madannai da linzami marasa waya, sannan na sami sa'ida. Kuma tun da a sama aka kafa shi, mako biyu ina fama da ciwon ƙeya kafin mu sauko da shi daidai ido.

Abin da babu shi a littafin kamfani

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mutanenmu uku na Zango suka biyo ni gida gaisuwa. Na manta kwamfutar a kunne, wayar kuma a soke. Autana ya ɗauki rimot zai kunna wa baƙi labarai, sai ga littafin bashina ya cika bango: suna, kaya, kuɗi, da watannin da aka yi ba a biya ba. Suna na uku a jerin na ɗaya daga cikin baƙin ne, dattijon da ya girme ni, wanda ya roƙe ni kada kowa ya ji. Kowa ya sunkuyar da kai kamar bai gani ba, alhali harafin ya kai girman ɗan yatsa. Na fizge wayar, amma bakin alƙalami ya bushe. Washegari da sassafe na je har gidansa na durƙusa. Ya ce, "Ba komai, ƙanena, ƙaddara ce." Ya biya bashin cikin wata guda, na kuma san ba da sauƙi ya haɗa shi ba. Har yau bai sake ɗaukar kaya a wurina ba.

Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Allon cinya mutum ɗaya yake kallo, na bango kuwa duk wanda ya yi sallama abokin karatunka ne. Ka koyi danna maɓallin Windows tare da P: nan za ka zaɓi ko hoton ya tsaya a kwamfuta kaɗai, ko ya fito a duka biyun, ko talabijin ya zama ƙarin fili. Ka kashe saƙonnin WhatsApp masu faɗowa a gefe. In ka gama, zare wayar gaba ɗaya, kada ka ce sai anjima.

Akwai kuma haƙƙin iyali. Daren farko da lissafi ya ci lokacin Dadin Kowa, uwargida ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Alhaji, shagon ne ya biyo ka har falo?" Gaskiyarta. Muka yi yarjejeniya: daga asuba zuwa hantsi nawa ne, daga magariba nasu. Ka tuna kuma babban allo ya fi ƙaramin cin wuta, wanda ke kan sola ko janareto zai ji a jikinsa.

Daga ƙarshe ita ce ta matsa mini na je aka duba idona. Likita ya ce ba wani ciwo ba ne, yawancin mutane in sun haura arba'in ganin kusa yana raguwa, shi ya sa abin da ke nesa ya fi yi mini daɗin karantawa. Ya rubuta mini tabarau, ya ce duk minti 20 in ɗaga kai in kalli abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20. Kuɗin tabarau ɗin bai kai na turmin atamfa mai kyau ba.

Yanzu talabijin yana nan yana amfani. A kansa muke duba hotunan sababbin zane kafin mu yi oda, duk da na koyi kada in yarda da launinsa ɗari bisa ɗari, don yakan ƙara wa ja da shuɗi armashi. A kansa yara ke bitar karatu, a kansa muke ganin Hajiya in an kira gida, fuskarta ta cika falo jikoki suna ta ihu. Amma littafin bashi ya koma ƙaramin allo, a ɗaki, da tabarau a hancina.

Allah ya sa wa kasuwarmu albarka, ya rufa mana asiri, ya ba mu ikon rufa na wasu.