Abin da Ke Sa Kwamfuta Ta Sandare Idan An Jona Mata Akwatin RAID

Mai ɗaukar bidiyon biki ko mai shagon kwamfuta a Jahun da Haɗejiya, wanda ayyukansa suka fi ƙarfin cikin kwamfutarsa, yakan koma ga akwatin ajiya na waje da ake kira RAID, wato akwatin da ke haɗa faifan ajiya biyu ko fiye su yi aiki tamkar faifai ɗaya, tsarin da masanan Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka bayyana a 1988. Sai dai sau da yawa da zarar an jona akwatin, kwamfutar takan sandare, ko fuskarta ta koma shuɗiya, ko ta mutu ta sake tashi da kanta, lamarin da kan sa mai ita ya ɗora laifin a kan faifan, alhali galibi matsalar tana wani wuri dabam.

Wuta ce abin dubawa na farko, domin faya-fayan sun fi jan lantarki a daidai lokacin da suka fara juyawa, kuma idan hakan ya zo daidai da raunin wuta, ko da sauyawa daga wutar kamfanin lantarki na KEDCO zuwa janareta, akwatin yakan ɓace wa kwamfutar ana tsakiyar rubuta bayanai. Maganin wannan shi ne a ɗora kwamfutar da akwatin duka a kan UPS, na'urar batir da ke riƙe wuta idan an ɗauke, sannan a kunna akwatin tukuna, a jira ƙarar faifan ta daidaita kafin a jona shi. Bayan wuta sai wayar da ke haɗa akwatin da kwamfutar, wadda ya kamata ta zama gajera mai inganci, a kuma soka ta kai tsaye a jikin kwamfutar. Idan matsalar ta ci gaba, sai a sabunta direba, wato manhajar da ke sada kwamfuta da akwatin, daga shafin kamfanin da ya ƙera shi, a kuma duba Event Viewer na Windows, inda ake samun bayanin kuskuren da ya auku dab da mutuwar. Abu ɗaya ake sauyawa a kowane gwaji, in ba haka ba ba za a gane mai laifin ba.

Yanayin yankin ma yana da nasa rabon, domin ƙurar hunturu takan toshe fankar akwatin, sannan zafin watan Afrilu, wanda kan haura digiri 40, ya same shi ba ya samun iska.

Babban haɗarin yana zuwa ne bayan kwamfutar ta tashi, lokacin da Windows kan nemi a yi wa akwatin fomatin, wanda amsa masa na nufin share hanyar kaiwa ga duk abin da ke ciki. Bai kamata a amsa ba, kuma bai kamata a zare faya-fayan a cakuɗa jerinsu ba. Wajibi ne kuma mai akwatin ya san tsarin da aka ɗora masa, domin RAID 1 da RAID 5 suna jure mutuwar faifai ɗaya, amma RAID 0 yakan tafi da komai. Babu ɗaya daga cikinsu da ke kare bayanai daga gobara, sata ko ambaliya irin wadda ta mamaye yankin Kogin Haɗejiya a 2022, saboda haka duk aikin da ba a son rasawa sai an ajiye kwafinsa a wani faifai dabam, a wani gini dabam.