Ina magadan Jordan da Kobe? Abin da ya sa gwanayen lamba 2 suka yi ƙaranci a ƙwallon kwando

Duk wanda ya taɓa raba dare yana kallon NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wadda wasanninta kan fara wajen ƙarfe 1 ko 2 na dare agogon Nijar, ya san gardamar da ake yi yanzu. A da, in aka ce wane ne sarkin wasan, sunan da za ka ji na ɗan lamba 2 ne: Michael Jordan, daga baya Kobe Bryant. Yau in aka jera manyan ƴan wasa goma na duniya, da ƙyar ka samu ɗaya ko biyu masu riƙe da wannan wuri. To, me ya faru?

Wane ne ɗan lamba 2?

Ga wanda bai saba da wasan ba, kowace ƙungiya ƴan wasa biyar take sakawa cikin fili, kuma kowane wuri da lambarsa. Lamba 1 shi ne madugu, mai ɗauko ƙwallo daga baya yana raba ta. Lamba 3 da 4 su ne na gefe masu tsawo da ƙarfi. Lamba 5 shi ne dogon da ke tsaye ƙarƙashin kwando. Lamba 2 kuwa, wanda waɗanda suka yi basket a lakwal suka sani da ariyer, shi ne maharbin ƙungiya. Aikinsa ya jefa ƙwallo daga nesa, ya kutsa ciki in an matsa masa, sannan ya koma baya ya tare maharbin abokan karawa. Yawanci tsawonsa tsakanin mita 1 da santimita 93 ne zuwa mita 2. Wannan lamba ta wurin tsayuwa ce, ba ta bayan riga ba: Jordan 23 ya fi sanyawa, Kobe kuma 8 da 24.

Jordan ya ci kofi shida da Chicago Bulls tsakanin 1991 da 1998, ya zama gwarzon shekara sau biyar, kuma sau goma yana fin kowa yawan maki. Kobe ya ci kofi biyar da Los Angeles Lakers, kuma ran 22 ga Janairun 2006 shi kaɗai ya zuba wa Toronto maki 81. Dwyane Wade ya ci uku da Miami. A zamaninsu akwai Clyde Drexler, Reggie Miller, Ray Allen, Allen Iverson, Vince Carter da Manu Ginobili.

Kobe ya ajiye wasa a 2016, Wade a 2019. Ɗan lamba 2 na ƙarshe da ya zama gwarzon shekara shi ne James Harden, a 2018. Daga 2019 zuwa 2025 kyautar ta tafi hannun Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa ƴan Najeriya ne, sau biyu, da Nikola Jokic na Sabiya sau uku, da Joel Embiid haifaffen Kamaru sau ɗaya, sai Shai Gilgeous-Alexander na Kanada. Ukun farko dogaye ne, na ƙarshen kuma madugu ne.

Lissafin maki uku

Dalili na farko lissafi ne. A 1979 NBA ta shata wani layi mai kama da baka, nisan mita 7 da santimita 24 daga kwando ta tsakiya. Duk ƙwallon da ta shiga daga bayan layin maki uku ce, ta cikin layi kuma biyu. Da farko ba wanda ya damu da shi. A kakar farko ƙungiya ba ta gwada irin wannan jifa ko sau uku a wasa. A 1998 abin ya kai wajen 13. Yanzu ya haura 35.

Ga yadda masu horarwa suka lissafa. A ce ɗan wasa ya yi jifa 100 daga tsaka-tsaki, 45 suka shiga: maki 90 ke nan. Wani ya yi 100 daga bayan layi, 36 kacal suka shiga: maki 108. Wanda ya fi ɓarar da ƙwallo shi ya fi kawo riba. Jifar tsaka-tsaki kuwa ita ce gonar Jordan da Kobe: a ba abokin karawa baya, a juya, a yi tsalle, a saki ƙwallo daga mita huɗu ko biyar. Da ƙungiyoyi suka gane lissafin, sai suka rage wa ƴan wasa izinin wannan jifa, in ba gwanin gwanaye ba.

Sai aikin lamba 2 ya koma tsayuwa a kusurwa, jiran ƙwallo, jifa, da tsaro. Ana samun ƙwararru a haka. Klay Thompson, wanda ya ci kofi huɗu da Golden State, ya taɓa cin maki 37 cikin kwata ɗaya ta wasa a 2015. Amma ko a can, Stephen Curry ne uban tafiya. Ɗan wasan da ke jiran a miƙo masa ba kasafai yake zama gwarzon shekara ba.

An ba gwani ƙwallo tun daga baya

Dalili na biyu, dokoki sun sauya. A 2001 aka halatta tsaron yanki, wato mutum ya tsare wuri maimakon bin mutum ɗaya, abin da ya sa ana iya yi wa maharbi taron dangi in ya tsaya da ƙwallo kusa da kwando. A 2004 kuma aka tsananta hana mai tsaro ɗora hannu jikin mai ƙwallo a waje. Wannan ya buɗe hanya ga duk mai sauri da ke fuskantar kwando daga nesa.

Sai masu horarwa suka ce, tun da haka ne, me ya sa gwaninmu zai jira wani ya kawo masa ƙwallo? A ba shi ita tun daga baya. Haka Mike D'Antoni ya yi da Harden a Houston a 2016: ya mai da shi madugu, kuma a kakar nan ya fi kowa yawan miƙa ƙwallon da aka ci. Ku dubi Shai: tsawonsa mita 1 da santimita 98, daidai da na Jordan, kuma gwanin jifar tsaka-tsaki ne. Da a 1995 ya zo, lamba 2 za a kira shi. Luka Doncic ma haka. Ke nan gwanayen suna nan, wurin tsayuwarsu ne aka sauya.

Masu son ƙwallon ƙafa za su gane wannan da sauri. Ina ƴan lamba 10 irin su Maradona, Zidane da Okocha? Ba a daina haihuwar masu basira ba, amma an tura su gefe ko an ja su baya.

Daga sama ma ana zaftare wurin. Yaron da ya ɗan fi tsawo, ya kai mita 2 da ƴan kai, sai a mai da shi lamba 3. NBA kanta ta fara watsar da batun wurare: daga kakar 2023-2024, zaɓen fitattun ƴan wasa 15 na shekara ba ya duba inda mutum ke tsayuwa.

Dama can ba su da yawa

Akwai kuma abin da ake mantawa. Kafin Jordan, hankalin ƙungiyoyi a kan dogaye yake. A zaɓen sabbin ƴan wasa na 1984, Houston ta fara ɗaukar Hakeem Olajuwon ɗan Legas, Portland ta ɗauki wani dogo, Sam Bowie, sannan Chicago ta samu Jordan a matsayi na uku. Shi ne ya sa yaran duniya suka so zama lamba 2, kuma su Kobe da Carter da Wade duk a inuwarsa suka taso. Yaran yau Curry da LeBron James suka buɗe ido suka gani. In ana auna kowa da mudun Jordan, dole a ga ƙaranci.

Rauni ma ya ci nasa rabo. Victor Oladipo, wanda mahaifiyarsa daga Najeriya take, ya shiga wasan taurari a 2018 yana lamba 2 a Indiana, sai jijiyar gwiwarsa ta tsinke a Janairun 2019, bai sake komawa yadda yake ba.

Su wa suka rage?

Uku ne aka fi ambata. Devin Booker na Phoenix, wanda ya ci maki 70 a wasa ɗaya a 2017. Donovan Mitchell na Cleveland, mai maki 71 a Janairun 2023. Sai Anthony Edwards na Minnesota, haifaffen 2001, wanda ya kai ƙungiyarsa wasan ƙarshe na yankin Yamma a 2024 da 2025, kuma shi aka fi kamanta wa Jordan saboda tsalle da rashin tsoro. Amma ku ji wannan: a kakar 2024-2025 kaɗai Edwards ya jefa ƙwallon maki uku 320, alhali Jordan 581 ya jefa a duk kakannin da ya yi. Ko magajin ma da sabon salo yake cin abinci.

Wannan magana ta shafi yaranmu da ke buga basket a filayen makarantu da gidajen matasa. Ƴan Afirka da suka yi suna a NBA, su Olajuwon, Dikembe Mutombo, Manute Bol da Embiid, tsawo ne ya fara buɗe musu ƙofa. Yaron da bai kai mita 2 ba, dole ya zo da kaya cikakku: jifa daga nesa, sarrafa ƙwallo da hannu biyu, iya raba ta, da tsaro. Wanda ya iya abu guda kawai, benci zai zauna.

Ku fa, wa kuke gani zai gaji Kobe, Edwards ko Booker ko Mitchell? Ku aiko mana da ra'ayinku, za mu karanta a shirin wasanni.