Saske ne ko Sasuke? Yadda ake faɗin sunayen anime

Makon jiya lokacin tara mun tarar da wasu 'yan aji biyu suna gardama a bakin famfo, har jijiyar wuya ta tashi. Ba kan ƙwallo ba ne, kan sunan abokin hamayyar Naruto ne. Wannan ya ce Sasuuke, wancan ya ce Sasuk, na uku ya ce Saske aka yi masa dariya. To, wanda aka yi wa dariyar shi ne ya fi kusa da daidai. Shi ya sa muka ga ya dace mu kawo batun nan bangon.

Japanawa ba da haruffan boko suke rubutu ba. Abin da muke gani a ƙasan allo ko a bangon manga, juyi ne aka yi zuwa boko, kuma tsarin da ya fi yaɗuwa yana ɗauke da sunan wani likita Ba'amurke, James Curtis Hepburn, wanda ya fitar da ƙamus na Japananci da Turanci a 1867. Kuskurenmu shi ne da mun ga boko sai mu karanta da bakin Turanci. Alhali Japananci wasula biyar gare shi, a, i, u, e, o, irin namu na Hausa, kuma ba sa rikiɗa yadda na Turanci ke yi. Ku karanta kamar kuna karanta Hausa: a-ni-me, man-ga, Ho-ka-ge. Wasalin e na ƙarshe ba ado ba ne, faɗarsa ake yi. Babu wani "Hokej".

Turanci yana son danna gaɓa ɗaya ya ja ta, shi ya sa kuke jin Naruuto da Sakuura a finafinan da aka juya zuwa Turanci. Japananci kuwa kowace gaɓa da lokacinta daidai wa daida, kamar ana kirga taku: Na-ru-to, Sa-ku-ra.

Inda Bahaushe ya fi Bature sa'a shi ne tsawon wasali. Mun san gari na zama daban, gari na tuwo daban, ko da yake rubutunsu ɗaya. Haka yake a can. Obasan gwaggo ce ko inna, amma in ka ja a ɗin ka ce obaasan, ka mai da ita kaka. Ka gwada kiran mace mai shekara arba'in kaka ka ga abin da zai biyo baya. In kun ga ɗan layi a saman wasali, kamar a Shōnen ko Gokū, ja ake nufi. Wani lokaci ou ake rubutawa maimakon layin, amma o ne dogo, ba "au" ba. Tokyo ma duk o ɗinsa biyu dogaye ne. Masu buga littattafai da yawa suna zubar da layin, sai kunne ya taimaka.

Haka ninkin baƙi, abin da muke kira shadda a darasin Larabci. Yadda mana ta bambanta da manna, haka kite, wato zo, ta bambanta da kitte, wato kan sarki na wasiƙa. Sannan n in ta zo kafin p ko b tana komawa m, don haka senpai sempai ake jinsa. Mu ma gidan Bala muke rubutawa, gidam Bala muke faɗa.

Akwai dai wuraren da Hausar za ta yaudare ku. Ts ɗinmu na tsuntsu da tsamiya da matse maƙogwaro yake fita. Na Japananci t ne da s a haɗe cikin sauƙi, don haka kada ku tsuke Tsunade da jutsu. Ch ɗinsu c ɗinmu ne: Itaci, Uciha. R kuma harshe sau ɗaya yake taɓa dasashi, ba a karkaɗa shi. Kawaii, da ake faɗa wa abu mai kyau ɗan ƙwas, ba kawai ɗinmu ba ce. Taku huɗu ne, ka-wa-i-i. In ka gurɓata ta ta zama kowai, ka ce abin yana da ban tsoro.

Sai batun Saske. Wasulan u da i in suka faɗo tsakanin baƙaƙe irin su s, k, t, sh, muryarsu takan ɓace, su zama kamar raɗa. Lokacin gaɓar yana nan, sautin ne ba ya fitowa. Shi ya sa Sasuke ke fita kamar Saske, desu kamar des.

Suna da karin sauti ma, ko da yake bai kai namu yawa ba. A bakin mutanen Tokyo, ame in ta fara sama ta sauko ruwan sama ce, in ta fara ƙasa ta hau alewa ce, kamar yadda kuka na hawaye ya bambanta da kuka na miya. Wannan kam ba ma ba kowa shawarar ya wahalar da kansa a kai, don mutanen Osaka ma ba irin karin Tokyo suke yi ba.

Ga manyanmu 'yan aji shida masu yi wa ƙanana dariya: Japanawan kansu lanƙwasa kalmomin baƙi suke yi su dace da bakinsu. Yadda muka cusa wasula muka samu burodi da asibiti, haka suka mai da sunan McDonald's ya zama Makudonarudo. Ba su da l, don haka jarumin One Piece, wanda Eiichirō Oda ya fara zanawa a 1997, mu muna ce masa Luffy, su kuwa Rufi suke kiransa. Wani a cikinmu ya ce sunan ya dace, tunda malafa ba ta barin kansa.