Ma'aikacin Gwamnati da Haƙƙinsa a Kanmu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

A shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijar ta rabu da ciwon kurkunu. Dattawanmu sun san wannan ciwo. Mutum ya sha ruwan tabki, bayan kimanin shekara tsutsa ta ɓullo masa a ƙafa, ta kwantar da shi ana tsakiyar noman damina. Cikin waɗanda Allah Ya kawo sauƙi ta hannunsu akwai malaman lafiya da suka riƙa bin ƙauyuka suna raba ƙyallen tace ruwa, da ma'aikatan da suka haƙa rijiyoyi. Wa ya san sunayensu a yau?

Haka aikin gwamnati yake: in ya yi kyau ba a ganin mai shi, in ya ɓaci kowa ya san ofishinsa. A watan Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, kuma a shekarun nan ma'aikata sun yi watanni ba albashi. Duk da haka an samu mushen lakwal da ungozomar asibiti da ba su bar bakin aiki ba.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 23 ga Yuni domin girmama ma'aikatan gwamnati, amma Musulunci ya daɗe da ɗaukar wannan aiki a matsayin amana. Buhari ya ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah (SAW) ya aika karɓar zakka, ya dawo ya ware wani kaso da sunan kyautar da aka yi masa. Manzo ya hau mumbari ya nuna cewa da ya zauna gidan iyayensa da ba a kawo masa ita ba.

Saboda haka, ya ƴan'uwa, wanda ke miƙa "goro" domin takardarsa ta tsallake ta talaka, shi ke rushe wannan amana. Girmama ma'aikaci shi ne mu bi layi, mu yi masa magana da ladabi, mu gode masa, mu daina tilasta wa ɗan'uwanmu da ke ofis ya karya doka saboda zumunci. Mu kuma koya wa ƴaƴanmu cewa wanda ya yi ritaya ba bene ba mota, amma da mutuncinsa, bai yi hasara ba.

Allah Ya saka wa masu riƙon amana da alheri, amin.