Lakar Gindin Tafki Tana Ba da Labarin Ruwa

Manomi ya san gansakukar da ke rufe kududdufi idan taki ya kwarara ciki. To, a babban tafki ma akwai irinta, tare da waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani sai da madubin likita. Su ne abincin ƙananan kifaye.

Idan sun mutu sai su nutse, laka ta binne su, ta bana a kan ta bara. Jikinsu yakan ruɓe, amma guntayen ƙwayar gadonsu, watau DNA, sukan daɗe a lakar, don can ƙasa akwai sanyi da duhu, iska kuma kaɗan ce. Masana sukan kafa dogon bututu su zaro lakar, su yayyanka ta, su karanta irin halittun kowane zamani.

An yi haka a Tafkin Konstans, tsakanin Jamus da Ostiriya da Suwizalan. Tun daga wajen 1950 ƙazantar birane da takin gonaki suka yi ta zuba masa fosfaras, watau sinadarin da ke cikin takin sufa, har abin ya kai matuƙa wajen 1979. Lakar ta nuna yadda irin gansakukar ya sauya a shekarun nan.

Da aka gina wuraren tace ƙazanta ruwan ya washe, amma abincin kifi ya ragu, masunta suka koka. A 2024 aka hana kama farin kifin tafkin har shekara 3.