Tafiyar Damina: Ruwa Na Cewa Tsaya, Rana Na Cewa Yi Sauri

Damina uwar albarka ce, babu mai musun haka a ƙasar da masara da dawa ke riƙe da gidaje. Sai dai ga mazauna karkarar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ruwan da ke raya gona shi ne kuma ke yanke hanya. A wannan yanki babur ba abin ado ba ne. Shi ne ke kai taki gona, shi ne motar asibitin mai naƙuda, shi ne kuma ke sada zumunci. Duk hanyar da ta gagari babur, ta gagari kowa.

A watan Agusta, tsakiyar marka, labari ya iske mu a Ƙetare da azahar cewa surukata na kwance rai a hannun Allah, a wani ƙauye na ƙasar Faskari. Ni da mai ɗakina muka ɗaure ƙullin kayanmu a leda, muka hau Boxer ɗina. Daga Ƙanƙara muka ɗauki hanyar Sheme, hadari na haɗuwa ta gabas. Muna sauka daga kwalta zuwa hanyar ƙauyen, ruwa ya goce kamar da bakin ƙwarya.

Wanda bai taɓa tuƙi a jar laka ba, ba zai san azabarta ba. Takan cushe tsakanin taya da madigadi har ƙafar gaba ta daina juyawa. In ka danne birki kuma santsi ya kwashe ka. Sau uku tana sauka, tana tafe a ƙafa cikin taɓo, ina tura babur. Da muka isa wani rafi da ba shi da gada, sai muka tarar ya kawo, mutane sun yi cirko-cirko a bakinsa.

Wani dattijo ya ba mu mafaka a zaurensa. A da, nan matafiyi zai kwana, gari ya waye ya ci gaba. Yanzu kuwa kowa na kallon sama yana lissafin magariba, domin masara ta yi tsayi, kuma an san wanda duhun gona ke ɓoyewa. Mai ɗakina ta dube ni ta ce, “Malam, ruwa dai muna ganinsa da idonmu. Abin da ke fitowa bayan rana ta faɗi shi nake tsoro.” Ruwan ya ɗan janye bayan la'asar, samari huɗu suka ɗaga babur ɗin a kafaɗa, mu kuma muka ratsa riƙe da hannun juna. Mun isa ana kiran magariba, muka tarar da tsohuwar da sauran numfashi, ta kuma shaida 'yarta.

Wannan tsoro yana da tushe. A ranar 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta kuma haramta hawan mutum uku a babur ɗaya. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma. Kowane mataki da dalilinsa, amma babu ɗayansu da ke ƙetarar da jami'in tsaro rafin da ya cika. Rafin da ya tsare mu, shi ne zai tsare motar da aka kira ta kawo ɗauki, kuma ɗan bindiga ya fi kowa sanin haka.

Saboda haka nake ganin lokaci ya yi da za a daina ɗaukar kwalbati da ƙaramar gada a matsayin aikin da za a yi idan kuɗi ya ragu. Aikin tsaro ne, aikin lafiya ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023, zagaye ta doguwar hanya ya fi ƙarfin aljihun talaka, dole ya bi ta rafi ko ya haƙura da tafiyar.

Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin nan uku da 'yan majalisarmu da su zauna da dagatai da masu unguwanni, su ƙididdige mashigan da ke yankewa duk damina, su fara da waɗanda ke kan hanyar asibiti da kasuwa. A yi aikin da rani, tun ƙasa na bushe, domin ba a fafe gora ranar tafiya.